Janareta a Ƙasan Bene

Laraba da daddare, Guangzhou

Yau na sha kunya a aji. A samfurin tashar nukiliyar da na haɗa, na ajiye janaretan ko-ta-kwana a ƙasan bene, yadda muke yi a Kano saboda ƙara. Malamarmu ta jijjiga teburin gwajin girgizar ƙasa, ginin ko gezau. Har na fara murmushi, sai ta tuttula ruwa. Janareta ya nutse, famfon sanyaya tashar ya tsaya cak.

Na ce, "Haba Malama, ai ba ki ambaci ambaliya ba."

Ta ce, "Bayan girgizar ƙasa, teku kan biyo, kuma ba ta sallama. Manyan injiniyoyi sun yi kuskuren nan, da mutane a kewaye."

Na so yaga zanen samfurin, na fasa. Na manna shi saitin gadona. Gobe janareta zai hau sama.