Ɓerayen Gonar Doolan Sun Sha Kashi

Yaya Litia,

Gaisuwa buhu-buhu. Ya ƙafar Mama? Ni garau nake, kunnena kawai ɓera ya ɗan ɗanɗana, kar ki gaya mata.

Ɓeraye sun mamaye gonar nan, har cikin takalmi. Maigidanmu Doolan ya ce in suka cinye irin alkama, aiki ya ƙare, sai mu koma gida Fiji. Na ce, "Tsoho, matsa ka ga aikin maza." Na shafe kwalabe da man gyaɗa, na gitta su kan bokitan ruwa. Ɓera ya hau, ya zame, tsundum! Iri ya tsira, jiya muka shuka.

Yanzu Janar ake kirana. Allah bar mu tare. Ki aiko min zanen da mazan ƙasarmu ke ɗaurawa zuwa coci, ɓeraye sun cinye nawa. Janar ba ya fita tsirara.

Ƙaninki,
Waisake