Jan Gilashin da ke Saman Bagade

Zukiswa, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gonata, ke da kika shigo tsohon cocinmu da akwatuna tara na gilashi da fitilu, kika kwashe min hankali ba ki ko nemi izini ba,

Daga bencin baya nake rubuto miki, inda shuɗin haskenki yake sauka. Wata uku kwamitin coci ya ara miki rufinmu, jibi Litinin wa'adi ya cika, motar Johannesburg za ta zo ta ɗauke ki da kayanki. Ni kuma fa? Shekara goma sha ɗaya ina share ginin nan, ina kaɗa ƙararrawarsa, ban san yana da kyau ba sai da kika zuba masa ja da kore da ruwan zuma, bangon dutse ya koma kamar tsaunukanmu in furanni sun buɗe.

Kin tuna da faɗa muka fara? Kin ɗauko guduma, na sha gabanki na ce, "Sisi, 'yar'uwa, katakon nan ya shekara ɗari da sittin, ƙusa ko ɗaya ba za ta shige shi ba ina raye." Kika harare ni sama da ƙasa kika ce, "To Bhuti, ɗan'uwa, da yawunka za ka liƙa min su?" Ai tun daga wannan harara na san na shiga uku! Haka na hau tsani na rataye miki gilashi ɗari biyu da sha biyu da igiya, kowanne da zarge mai kwancewa da ja ɗaya, yadda kika ce, don ranar saukewa ta zo da sauƙi.

Ranar buɗewa kuwa, coci ya cika maƙil, ƙarfe huɗu na yamma aka ɗauke wuta. Fitilunki suka mutu, na gan ki bayan bencin mawaƙa kina share hawaye da bakin riga. Wa zai ga haka ya zauna? Na sunkuto madubin da Rabaran ke gyara kwalarsa da shi, na haye tagar yamma, na taro rana na watsa wa gilasanki. Launi ya zubo a kan farar hular kowace uwa! Mama Dlova, shugabar matan coci masu taron Alhamis, ta ɗaga murya kowa na ji: "Kai Vuyisile, shekara nawa muna roƙo ka gyara mana ƙofar banɗaki? Ashe sai yarinya ta yi kuka kake tuna kana da tsani!" Coci ya ɗauki dariya, ke ma kika yi, hawayen bai ko bushe ba. Hannuna ya yi tsami da riƙon madubi, amma da za a ce in riƙe har yau, da na riƙe.

Yanzu ga laifina, masoyiyata. Jan gilashin da ke saman bagade ban yi masa zarge ba. Ƙullin da kakana ke ɗaure bijimi da shi na yi masa, na ce a raina ranar tafiya zai ƙi kwancewa, dole ki nemo ni, ko kwana ɗaya in ƙara da ke. Sati biyun nan abin yana ta cina. Yau da safe na hau na mayar da shi zarge kamar sauran. Ba na so ki zauna don igiya ta ƙi sakin ki.

Ban ce ki bar aikinki ba, ina! Tsofaffin coci masu duhu suna nan birjik suna jiran hannunki. Ki je, ki dawo, ko ki tafi da ni in riƙe miki tsani. Ki dai ba ni izini in tura baffannina wurin mahaifinki a Cofimvaba. Ina son ki, Zukiswa, so irin wanda ke sa jan shayina ya huce a gabana ban kurɓa ba.

Gobe bayan sujada za mu fara saukewa. Rabaran ya amince gilashi ɗaya ya zauna in kin so. In kin yarda da ni, ki ce in bar jan nan a rataye. In kuwa a'a ce, ni da kaina zan ja igiyar, in naɗe shi a jarida, ya isa Johannesburg ko ƙwarzane babu. Sai dai ki nemi wani ya rufe miki ƙofar motar, wannan kam hannuna ba zai iya ba.

Naki ko kina kusa ko kina nesa, har ranar da wani zai kaɗa mini ƙararrawar nan,

Vuyisile