Hatsin da ya sha ruwan wankanki

Assalamu alaikum, Yaya Saude. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan kina kwance cikin rahamar Allah. Ni ce Kuluwa. Kin san ban san baƙi ba, Rabi matar ɗana Ilu ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce ta rubuta yadda ya fito, kar ta gyara.

Yaya, tsoro nake ji. Kwana biyar ke nan ban sa tuwo a bakina ba.

Kin tuna mutanen furoje, masu aikin taimakon manoma, da suka zo kafin ki kwanta ciwo? Suka ajiye rabin tano, gangar ƙarfen nan, a bakin rariyar makewayinmu, suka cika shi da wata farar tsakuwa. Ziyolit wai. Suka ce ruwan wanka da fitsari in sun bi ta cikinta, tana shanye abincin shuka da ke ciki ta riƙe, in an watsa ta a gona sai ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, madadin takin zamani. Kika yi dariya kika ce, "Kuluwa, duniya ta zo ƙarshe, har fitsarin tsofi ya yi daraja."

Ranar da kika cika, ni na yi miki wanka. An haƙa rami don ruwan ya shige ƙasa yadda aka saba. To ruwan sama ya kwana yana zuba, ƙasa ta ƙoshi. Ina cuɗa miki baya na ga ramin ya cika ya tumbatsa. Ruwan wankanki ya bi rariya, ya shige cikin tsakuwar nan. Ni kaɗai na gani.

Da noman fari Ilu ya loda tsakuwar a amalanke ya kai gonar gabas, ya zuba gindi-gindi. Ina tsaye ina kallo, ban hana shi ba.

Yaya, ki ga hatsi! Tunda aka kawo ni garin nan gonar ba ta taɓa yin haka ba. Zangarniya kamar damtse. Har daga Kwaya ana zuwa kan babur ana ɗaukar hoto. Kowa barka, ni ranar wankanki nake tunawa. Abin da aka ce tsakuwar na yi ke nan, ta sha abin da ya fita jikin mutum ta ba shuka. To me ta sha a ranar?

In na yi shiru, jikokina na ci, ban san me nake ba su ba. In na faɗa, Ilu zai iya ƙin rumbun, kuma ba mu da wani. Ga bakin mutane. Tsohuwa, yayarta ta mutu a ɗakinta, gona ta yi abin mamaki. Kin san sunan da za su sa mini a bakin rijiya, ba zan iya faɗinsa ba.

Ke ce kika goya ni. Shekarar yunwa a garinmu Waca kina gutsuro rabonki ki tura mini, ki ce, "Ci, ni na ƙoshi," alhali ina jin kukan cikinki. Yanzu ko kwano aka buɗe, muryar nan nake ji, sai in ture shi.

Yaya, kin ga Rabi. Yanzu ta ji komai. Ta ajiye biro, ta jawo kwanon da na ture tun azahar, ta yi bisimilla ta kai loma uku, ga ta da goyo. Ta turo mini sauran, sannan ta sake ɗaukar biro.

Zan ci. Har yanzu tsoron bai tafi ba, amma zan ci. In na yi miki laifi ki yafe mini, ban iya tare ruwa da hannu ba. In kuwa ke ce kike ƙara tura mini rabonki, na karɓa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk lomar da yaran nan suka ci ta zame miki sadaka, Ya rufa mana asiri.

Ƙanwarki da kika goya,
Kuluwa