Shafin da Ka Yage

Baban Auta,

Kana barci muka fita. Taron ƙungiyar su Auta ƙarfe tara ne, a zauren makaranta.

Shafin da ka yage mata jiya daga littafinta na tsince shi a kwandon shara, na liƙe. Wata biyu yaran nan suna bin kwatar unguwa da sanda da littafi, suna rubuta abin da ke toshe ta. Ba ita ta zuba baƙin mai a bayan garejinka ba. Gani ta yi ta rubuta, yadda ta rubuta na mai wanki da na mai kaji.

Ko shayi ta kasa sha da safen nan. Ta ce in ta zo karanta rahotonsu a taron za ta tsallake layin da ya ambaci garejinka, don kada ka ji kunya a gaban mutane. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Ba daga bakina take son ji ba.

Don Allah kada ka kira malamarsu kamar yadda ka rantse. Ka zo kawai. Na goge maka riga, tana kan kujera. Zauna inda za ta gan ka, in ta ɗago ido ka gyaɗa mata kai.

Kowa a zauren nan ya san bayan garejinka. In ta tsallake layin, ba kai ta rufa wa asiri ba, ita za a daina yarda da maganarta.

Maman Auta