Ƙorafi Kan Maigidan Da Ya Dawo Daga Kigali Ya Haramta Mini Leda

Daga: Juwairiyya Auwal,
Layin Bayan Islamiyya,
Tudun Wada, Zariya.

17 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga: Alhaji Mahmudu Modibbo,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin Tsofaffin Malaman Makaranta,
Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka ya daɗe,

GAME DA: TAFIYA MAI ARAHA DA ƘUNGIYARKU TA SHIRYA ZUWA ƘASAR RUWANDA, DA HALIN DA TA JEFA GIDANA DA SANA'ATA

Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan Alhaji da iyali suna lafiya, ni ce mai suna a sama, matar ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarku, wanda bakina ba ya kiran sunansa amma alƙalami ya iya rubutawa, wato Malam Suhaibu Kailani, tsohon malamin labarin ƙasa. Sana'ata ita ce zoɓo da kunun aya masu ƙanƙara, da kuma awara. Ina ƙullawa a leda, ana kaiwa shagunan unguwar Kongo nan Zariya, inda ɗalibai ke saye. Da wannan sana'a nake rufa wa gidan asiri duk watan da fansho ya yi jinkiri, kuma Alhaji ya fi ni sanin yawan irin waɗannan watanni. Ina gabatar da ƙorafina cikin ladabi kamar haka:

1. Tun watan Agustan bara, Sakataren Tafiye-tafiye na ƙungiya, Malam Khubaib, ya mayar da falonmu ofishinsa ba tare da neman izinin matar gida ba. A nan ya shawo kan maigidana da sauran dattawa cewa fita ƙasar waje ba sai mai hali ba, dabara ce kawai. Ya zaɓi Ruwanda saboda ya ce ba a wahalar da ɗan Afirka da maganar biza. Ya zaɓi watan da ake tafka ruwan sama a can saboda ya ce lokacin tikiti ke faɗuwa. Ya ce za su kama gida guda su duka, su riƙa dafa abincinsu da kansu, alhali a iya sanina babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa hura risho. Zoɓon da suka sha a waɗannan zama ma ban kawo shi cikin ƙorafi ba, na ambata ne kawai don a sani.

2. Tikitin da Malam Khubaib ya samo, saboda tsananin araharsa, bai yarda da akwati ba sai 'yar jakar hannu. Shawarar da ya bayar ita ce kowa ya sa kayansa a jikinsa, tunda ba a ɗora mutum a sikeli. Ranar 11 ga Nuwamba maigidana ya fita daga gida da riga a kan riga a kan riga, da hula cikin hula, yana tafiya hannuwa a buɗe kamar wanda aka yi wa kaciyar hammata. Maƙwabta suka fito suna tambayata ko kumburi ya same shi. Direban motar Abuja kuwa sai da aka roƙe shi kafin ya yarda kujera ɗaya ta ishe shi.

3. Bisa umarnin Sakataren, na haɗa musu guzuri don kada su sayi abincin can: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yajin daddawa, dabino da garin kunu. Kowanne na ƙulle shi a leda biyu, kamar yadda duk macen kirki za ta yi. Malam Khubaib, da ya iya binciko tikitin da ya fi kowanne araha a duniya, bai binciko cewa ƙasar ba ta yarda a shiga mata da leda ba. A filin jirgin Kigali ma'aikata suka ce abinci ya wuce amma leda ta tsaya. Na samu labari daga majiya mai tushe, wato matar Malam Khubaib ɗin, cewa a hular maigidana ta ciki aka juye yajin, garin kunu kuma a aljihun babbar riga. Ni da na ji haka na ɗauka zai dawo yana fushi da ƙasar. Ashe a nan ne ta fara burge shi. Ya ce ma'aikaciyar da ta karɓe ledar ta yi masa magana da ladabin da bai taɓa gani ba, kuma ba ta nemi na goro ba.

4. Sun dawo ƙarshen watan. Alhaji ya san yadda ake cika gida idan mutum ya dawo daga ƙasar waje. Dangina na Gyallesu sun zo, ƙannensa na Dutsen Abba sun zo, kowa na kallon jaka. Jakar hannu kuwa ba ta da wurin tsaraba. Abin da ya fito daga cikinta shi ne hular kwano irin ta 'yan acaɓa, ja, sabuwa. Na ɗauka ta ɗanmu ce. Ya ce tasa ce, don a can ba mai hawa babur kai tsirara. Tun daga ranar, duk inda zai je a acaɓa sai ya kifa ta a kan zannarsa. Da ita ya je ɗaurin auren 'yar ƙanwata, kuma tana cikin hotuna.

5. Wannan shi ne babban ƙorafina, ina roƙon Alhaji ya karanta shi a tsanake. Washegarin dawowarsa ya tara mu a tsakar gida, ni da 'yarmu Kausar, ya yi jawabi kamar yana gaban aji. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba: "Na ga gari da idona wanda ba leda ko ɗaya a kwata. Gyara daga gida yake farawa. Daga yau leda ba za ta sake kwana a gidan nan ba." Na ce, "Malam, to a me zan ƙulla zoɓon?" Ya ce, "A can jakar takarda suke amfani da ita." Na ce, "Zoɓon ruwa ne fa." Ya ce, "Juwairiyya, kullum ke sai kin ga matsala."

Don kada a ce ban yi biyayya ba, na gwada. Shi da kansa ya naɗa takardar, shi ya riƙe, na zuba. Farar shaddarsa ta Juma'a tana nan a matsayin shaida, idan kwamiti na bukatar gani. Duk da haka bai janye dokar ba, ya ce takardar ce ba mai kyau ba. Awara kuwa da muka aika a tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibansa, mai shagon Kongo ya dawo da ita ya ce taswirar kogin Binuwai ta fito a jikin kowane yanka. Gorar roba ma Malam ya ce ƙanwar leda ce. Yanzu masu shaguna biyu sun koma saye wajen wata. Abin da ya rage ina ƙulla shi ne a ɗakin maƙwabciyata Inna Ishatu, ina shiga da leda a ƙarƙashin hijabi kamar mai fasa-ƙwauri, a shekaruna. Ga azumi ya matso, lokacin da sana'ar nan ta fi tafiya a duk shekara.

6. Ya hana cin abinci a tsaye ko ana tafiya a ƙofar gidanmu, wai a can abin kunya ne. Masu sayen awara a gida sai ya shimfiɗa musu tabarma ya ce su zauna su ci cikin natsuwa, shi kuma ya zauna kusa yana ba su labarin tsaunukan Kigali. Mutumin da ya zo sayen awara yana sauri ba ya dawowa karo na biyu.

7. Ranar 6 ga wannan wata, da rana tsaka, a babban titin kasuwar Tudun Wada, maigidana ya sa ƙafa a kwalta ya ɗaga hannu ɗaya, ya kama tafiya ba waiwaye, saboda a can mota ce ke tsaya wa mutum. Mai Keke Napep da ke tahowa bai taɓa zuwa Ruwanda ba. Allah ya tsare, ya kauce ya bi ta kan tiren mai lemo, hannun rigar Malam kawai ya yage. Mutane suka rako shi gida yana cewa da haka ake fara wayar da kai. Ni kuwa da na ga taron da ya shigo da shi, sai na zauna a bakin rijiya. Alhaji, shekara talatin da wani abu muna tare. Leda zan iya jurewa, wannan ba zan iya ba.

Domin adalci, kuma don kada a ce mace ta kawo ƙara gefe ɗaya, zan faɗi abin da ke nasa. Tun da ya yi ritaya mutumin nan yake zaune a zaure da rediyo, wani lokaci ya wuni bai yi jimla biyar ba. Yanzu yana tashi da kuzari, yana dariya, yana jayayya. Duk Asabar ta ƙarshen wata yakan fita da tsintsiya da shebur, wai haka ake yi a can, da farko shi kaɗai ana yi masa dariya, yanzu magidantan layi da dama na bin sa, kuma kwatar ƙofar gidanmu da ta shekara tana wari ta fara gudu. Saboda haka ba na neman a kore shi daga ƙungiya, ba na kuma neman a hana shi tafiya. Idan aka hana shi, zauren zai koma, kuma ni zan zauna da shi.

Abin da nake roƙo cikin ƙanƙan da kai shi ne:

(a) Alhaji ya kira shi, a matsayinsa na babba wanda yake jin maganarsa, ya sanar da shi cewa direbobin Zariya ba su samu labarin sabon tsarin ba tukuna, don haka ya riƙa duba hagu da dama kamar yadda ya koya wa 'ya'yan mutane.

(b) A sa baki ya ɗage mini dokar leda zuwa bayan Sallah. Na yi alkawarin duk wadda na gani yashe a layinmu zan tsince da hannuna, kuma idan ya samo abin da zai riƙe zoɓo ba tare da ya zuba ba, ni ce ta farko da za ta karɓa.

(c) A umarci Malam Khubaib, kafin ya sake sayen tikiti, ya riƙa binciken halayen mutanen ƙasar kamar yadda yake binciken farashi, kuma a karanta wa matan 'yan ƙungiya sakamakon, tunda mu ne muke zama da abin da aka kwaso.

(d) Na ji an fara shirin tafiya ta gaba. Tunda ya tabbata maigidana mutum ne mai saurin ɗaukar darasi, duk abin da ya gani a waje sai ya aiwatar, ina ba da shawara a nemi ƙasar da magidanta ke shiga kicin su yi girki su wanke kwanuka. Kausar ta duba a waya ta ce akwai su da yawa. Idan aka samu, ko tikitin bai yi araha ba, a sanar da ni a asirce, zan cika masa daga kuɗin zoɓo. A kuma bar shi ya ɗan daɗe, ya gani da kyau.

Ina fatan za a duba wannan kuka da idon rahama kafin ganin watan azumi. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da haƙurin shugabancin dattawa, ya kai ku ƙasashe lafiya, ya dawo mana da ku yadda za mu iya zama da ku.

Taku cikin ladabi da biyayya,

Juwairiyya Auwal
(Maman Kausar mai zoɓo)