Abin Da Ka Yafe Da Abin Da Ka Ƙi Yafewa

Zuwa ga Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma sai an nemo mai karanta maka, kuma ni ne kullum nake cewa ba ni da lokaci.

An girbe geronka, ya yi kyau. Matarka Hauwa tana takaba, 'ya'yanka mata uku suna nan lafiya.

Shekara talatin na yi ina aikin rubutu a kotu a Gusau. Na ga yadda ake wahalar da mai gaskiya har na daina yarda da kowa. Shi ya sa ranar da motar haya ta Tsafe ta daki amalankenka a hanyar Bungudu, ta kashe bijimi ɗaya, ta karya maka ƙugu, ban zauna a gefen gadonka ba. Na bar ka a asibiti na tafi farautar takardu: rahoton 'yan sanda, hoton amalanke, rasit ɗin magani, shaidar likita. Na ware su yadda aka koya mini, asarar dukiya daban, rauni daban. Da na kai takardar inshorar motar ofishin kamfanin inshorar, suka ce ba tasu ba ce, irin wadda ake saya a bakin tasha ce don a nuna a shingen hanya. Dariya na yi. Me nake tsammani a ƙasar nan? Kafin in dawo ka cika.

Na yi rantsuwa sai na ga direban, Isuhu, a gidan yari. Sai liman ya zaunar da ni, ya gaya mini abin da ka yi a kwana biyun da nake yawon ofisoshi. Ka sa an kira Isuhu da shaidu biyu. Ka ce ciwon jikinka naka ne, ka yafe, har da kuɗin magani. Amalanke naka ne, ka yafe. Amma bijimin na Gwaggo Delu ne, tsohuwar nan ta Wonaka da ta ba ka kiwo, ba ka da ikon yafe abin wani, sai an biya ta da kamarsa. Sannan ka ce in ajali ya zo, diyyar rai ta magada ce, kada wani ya tashi a zaman makoki ya yafe da bakin marayu.

Yaya, wa ya koya maka wannan? Ni Baba ya kai makaranta, kai ya bar ka da garma. Na ga lauyoyi sun share wata shida suna cakuɗa irin abin da ka raba tsaf, kana kwance da ƙugu a karye. Kuma ka san halinmu. Da zarar an shimfiɗa tabarmi, wani dattijo zai miƙe ya ce ƙaddara ce, mun bar wa Allah, kowa ya yi kabbara, mai takaba tana ɗaki ba wanda ya tambaye ta. Ranar uku Kawu Bala ya yunƙura zai miƙe. Liman ya ja masa riga.

Ranar Juma'a direbobin tashar Tsafe suka iso da bijimi a bayan mota. Karo-karo suka yi. Gwaggo Delu ta zagaya shi, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta ce ta karɓa. Ba sammaci, ba hatimi. Na tsaya da jakar takarduna a hammata kamar baƙo.

Saura diyya. Direbobin sun ce ba za su iya cikakkiya ba, sun roƙi sulhu, su riƙa biya wata-wata. Da yake ba ka bar ɗa namiji ba, ina da kaso a ciki. Ba zan ɓoye maka ba, na lissafa shi tun muna hanyar dawowa daga maƙabarta, ga fanshona da aka daɗe ba a biya ba. Jiya na gaya wa liman na yafe nawa. Hauwa da yaran kuwa na zauna na bayyana musu komai, na bar su su zaɓa. Hauwa ta ce za ta karɓa, don autarka ta ƙarasa karatun ungozoma. Tuni an fara gunaguni a gari wai ta ci kuɗin jini. Duk mai magana ya zo ya same ni. Da hannuna zan rubuta yarjejeniyar, a gaban alƙali za a sa hannu.

Isuhu ya samu ya durƙusa a gabanka ya roƙi gafara, ya tashi da ita. Ni ban samu ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

Ƙanenka,
Garba