Ban Ce Amin Ba

Daren Juma'a, ƙarshen Agusta

Rediyo ta ce marka za ta kai tsakiyar Satumba, har a yi ambaliya. Bayan isha'i liman ya roƙi Allah ya sassauta mana ruwan. Kowa ya ce amin, ni na kame bakina. Maƙwabcina Sule ya taɓo ni, ya ce, "Baba Malam, bangon ɗakinka fa ya tsage. Da kai ruwan nan zai fara."

Na sani. Amma 'yan bindigar da suka kashe mini ɗana Isuhu a gona bara, a bakin rafi suke kwana, cikin dajin bayan Dogon Dawa. So nake rafin ya cika, ya kwashe su da baburansu suna barci.

Na jawo tabarmata bakin ƙofa. Allah ya ƙaro ruwa.